Yadda ake gane dutsen da ke kan tsohon tebur ko kabad

Tsofaffin kayan ɗaki na Turai, Amurka da ƙasar Sin da yawa suna zuwa da falan dutse a samansu: kabad mai durowa na Faransa, teburin da ake jinginawa da bango, teburin wanke fuska na ƙarni na 19, ɗan teburin ajiye fitila. Mai sayarwa yakan kira kowanne da mabul ya wuce wurin. Alhali a cikin abin da ake kira mabul akwai dutsen farar ƙasa mai ɗaukar sheƙi, akwai jifsam, dutsen nan da ake yin POP da shi, wanda ruwa ke ci, akwai sileti, wato dutse mai duhu da ke tsagewa fale-fale, da aka yi wa fenti, akwai ma wanda ba dutse ba ne sam. Sanin wanda ke hannunka shi zai nuna maka shekarun kayan, da darajarsa, da abin da za ka iya goge shi da shi ba tare da ka ɓata shi ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da neman suna. Mutum ya ga dutse ja mai dabbaren fari, ya buɗe hotuna a intanet, ya ɗauki wanda ya fi kama da nasa. Launi shi ne mafi raunin shaida, domin rami guda yana fitar da dutse kala uku ko huɗu, kuma tsohon kaki da hayaƙi suna mayar da fari ruwan ɗorawa. Suna shi ne na ƙarshe. Kafin a kai gare shi sai an san ko dutse ne, sai an san ko guda ne ko liƙi, sai kuma an san danginsa.

Sauke shi tukuna

Kusan duk shaidar da ake buƙata tana ƙasan dutsen da gefensa na baya, inda ba a goge ba. A yawancin kayan Turai dutsen ba a ɗaure yake ba, nauyinsa ne ke riƙe shi. Mutum biyu su ja shi gaba kaɗan, su ɗaga gefen baya har ya miƙe tsaye, sannan su ɗauke shi a tsaye yadda ake ɗaukar gilashi. Kada a ɗauke shi a kwance daga ƙarshe biyu, domin mabul ba ya jure lanƙwasa, kuma a kan jijiyarsa yake karyewa. A jingina shi da bango a kan bargo, fuskarsa na kallon bangon. Idan dutsen a cikin firam na katako yake, kamar yadda aka saba a teburan Sin, kada a yi ƙoƙarin ciro shi. A kwantar da teburin a kan katifa a duba ta ƙasa.

Yana da nauyi fiye da yadda ido ke gani. Kowane guntun mabul mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri yana kai giram 2.7, don haka fale mai tsawon santimita 120, faɗi 55, kauri 3 ya haura kilo 53.

Kayan aikin ba su da yawa: tocila mai ƙarfi, madubin ƙara girma mai ninka goma, tef ɗin awo, sikeli, ƙaramar wuƙar ƙarfe, ruwan khal fari, auduga, da kuma irin tocilar nan mai haske shunayya da ake duba jabun kuɗi da ita.

Dutse ne kuwa?

Ɗora bayan hannunka a kai. Dutse na gaske yana da sanyi, kuma sanyin yana daɗewa. Idan ya ɗauki ɗumin hannu nan da nan, sai ka yi shakka. Ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa: lafiyayyen mabul yana amsawa da ƙara mai tsini, kwaikwayo ko wanda ya tsage a ciki yana amsawa a dushe. Sannan ka bi jijiya guda da ido daga saman falen zuwa bakinsa, ka ga ko ta sauka ta gefe ta fito ta ƙasa. A dutse guda jijiya tana ratsa jiki gaba ɗaya. Idan ta tsaya a baki, ko ta gefe ba ta haɗu da ta sama ba, to abu ne aka ɗora a kan wani abu.

Tsoffin kwaikwayo iri biyu ne suka fi yawa, kuma dukansu suna da daraja a karan kansu, kada a raina su. Na farko shi ne scagliola, aikin da ya bunƙasa a garin Carpi na Italiya a ƙarni na 17. Garin jifsam ne, dutsen nan da ake yin POP da shi, a kwaɓa da gam na fata da launi, a shafa a kan gindi na filasta ko sileti ko wani dutse mai araha, a goge har ya yi sheƙi. Alamarsa ita ce ƙananan tsage-tsage sirara da suka bazu a fuska, da kuma wurin da ya ɓantare, inda za ka ga launin bai wuce 'yan milimita ba sai wani abu dabam a ƙasa. Teburin da ke da zanen furanni, tsuntsaye ko katin wasa a kan baƙar fuska, ba tare da an ga layin haɗi tsakanin launuka ba, galibi scagliola ne. A aikin da aka yi da yankakkun duwatsu na gaske, irin na masana'antar da gidan sarautar Medici suka kafa a Florence ta Italiya a 1588, kowane yanki yana da iyakarsa da madubi zai nuna.

Na biyu shi ne sileti mai fenti. George Magnus ya yi rajistar wannan dabara a Landan a 1840, daga baya aka yi ta sosai a Amurka da siletin jihar Vermont. Ana yaɗa fenti a kan ruwa, a tsoma falen ya ɗauki zanen, a gasa, a goge. Ta sama yana iya ruɗar gwani, amma ƙasansa toka ne mai duhu ko ruwan hanta, launi ɗaya sul, kuma a kusurwoyin da hannu ya cinye za ka ga baƙin gindin ya leƙo.

Sai liƙi, wato dutse na gaske da aka yanka siriri, milimita 3 zuwa 5, aka manna a kan dutse mai araha. Wannan ba ha'inci ba ne. Haka masu aikin dutse na birnin Rum suka riƙa yi da duwatsun da ba a samunsu da yawa, kuma liƙi a kan gindin dutse mai kaushi yakan nuna cewa abin da ke sama mai tsada ne. Ka nemi layin haɗi a ƙarƙashin baki, da kuma zane mai kamar an buɗe littafi, inda hagu da dama suke madubin juna. Na zamani kuma, wanda aka zuba da garin dutse da gam na roba, ana gane shi da rashin nauyi, ƙananan ramukan iska a ƙasa, da zane mai maimaita kansa. Auna tsawo, faɗi da kauri da santimita, ka ninka su, ka ninka da 2.7, ka raba da 1,000. Fale mai 100 da 50 da 2 ya kamata ya kai kilo 27. Idan sikeli ya nuna 20, ba mabul ba ne.

Tauri da asid

Gwaji biyu ne ke raba duwatsu gida-gida, kuma dukansu a ƙasa ake yin su, kusa da gefen baya, a wurin da bai fi faɗin farce ba. A fara goge wurin da auduga mai ɗan danshi, domin ƙura da filasta suna ba da amsar ƙarya.

A ma'aunin tauri na Mohs, mai hawa daga 1 zuwa 10, jifsam yana kan 2, farce 2.5, kalsait wanda shi ne jikin mabul da dutsen farar ƙasa yana kan 3, wuƙa kusan 5.5, kwaz kuma, ma'adinin nan mai tauri da ke cikin yashi, yana kan 7. Fara da farce. Idan ya yi zane, jifsam ne, wato alabasta irin ta garin Volterra a Italiya ko scagliola. Idan farce ya gaza amma wuƙa ta shiga cikin sauƙi ta bar farin gari, galibi dangin kalsait ne. Idan wuƙa ta zame ta bar layi mai ƙyalli, ka shafa da yatsa: layin da ya goge ƙarfen wuƙar ne ya zauna a kan dutsen, kuma dutsen ya fi ta tauri, wato giranit ne ko fofiri ko wani mai kwaz.

Sai ka ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan khal a kan garin da wuƙa ta kankaro, ka duba da madubi. Kalsait yana fitar da ƙananan kumfa. Ruwan khal asid ne mai rauni, kashi 5 cikin ɗari, don haka kumfar ba ta da yawa, sai an ƙura ido, wani lokaci ma kunne ya riga ido ji. Mabul mai dolomait, wani ma'adini ɗan'uwan kalsait, ba ya kumfa a kan jiki sai a kan gari, shi ya sa ake kankarowa. Jifsam, giranit, fofiri da yawancin sileti ba sa kumfa. A wanke wurin da ruwa nan take a tsane. Ɗigo ɗaya a kan fuskar da aka goge yana barin tabo dushe cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma ba ya fita sai an sake goge fuskar gaba ɗaya, wanda shi ma asara ne.

Abin da ke cikin jikin dutsen

Yanzu a koma fuska da tocila da madubi. Yawancin falen da za ka gamu da su dangin kalsait ne, kuma zubin jikinsu ke raba su.

Idan jikin ƙananan ƙwayoyi ne masu walƙiya kamar sukari, babu alamar wata halitta a ciki, to mabul ne na ainihi, wanda zafi da nauyin ƙasa suka sauya zubinsa. Fari mai jijiya toka a dushe yawanci na Carrara ne, kuma shi ya cika teburan wanke fuska na Ingila da Amurka. Toka mai shuɗi-shuɗi da siraran layuka masu haske shi Faransawa ke kira bleu turquin, ana yawan ganinsa a kayan zamanin Sarki Louis na 16 na Faransa, wanda ya yi mulki daga 1774 zuwa 1792. A tsofaffin kayan Philadelphia akwai fari mai gizagizai toka da shuɗi da ake haƙowa kusa da garin King of Prussia a jihar Pennsylvania.

Idan kuwa ka ga zobba ƙanana, guntayen ɓawon katantanwa, ko rassan murjani da suka daskare a ciki, dutsen farar ƙasa ne da ya taru a ƙasan teku. Waɗannan burbushin halittu su ne mafi kyawun shaida, domin mai fenti ba ya iya kwaikwayonsu da kyau, kuma kowane rami da nasa. Ja mai duhu ko ruwan hanta da ke da manyan dabbaren fari da toka na Beljiyam ne, daga yankin Rance da Philippeville, ana kiransa Rouge Royal ko Rouge de Rance, kuma ya hau kabad ɗin Faransa ba iyaka. Ja mai haske da ya karkata zuwa ruwan lemo, mai farare masu faɗi, na Caunes-Minervois ne a kudancin Faransa, wanda aka yi ginshiƙan fadar Grand Trianon da ke Versailles da shi. Daga wannan yanki kuma ake samun Griotte, ja wur mai duhu da ƙananan idanu farare, waɗanda ɓawon wata halittar teku ce mai naɗi da farin kalsait ya cike. Toka mai duhu da farin yayyafi gajeru shi ne Sainte-Anne na Beljiyam. Akwai kuma baƙi-baƙi mai ɗigo-ɗigo fari da ya yawaita a kayan zamanin Napoleon, tsakanin 1804 da 1815, wanda dillalai ke kira giranit na Beljiyam. Ba giranit ba ne: wuƙa tana kama shi, yana kumfa, kuma ɗigon da ke jikinsa guntayen halittun teku ne. Daga yankin Soignies yake.

A kayan Amurka na wajen 1870 zuwa 1890, musamman masu katakon goro mai duhu, fale ruwan hoda ko ruwan ƙasa mai ja-ja kusan kullum na gabashin jihar Tennessee ne. Alamarsa siririn layi baƙi mai haƙora-haƙora da ke ratsa fuska. Mutane suna ɗaukarsa tsagewa, har su rage kuɗin kayan. Ba tsagewa ba ce, halittar dutsen ce, wurin da nauyi ya narkar da wani sashe ya bar datti a layi. Ka bi ta da farce: idan bai maƙale ba, lafiya lau take.

Wani zubin kuma gutsattsarin duwatsu ne mabambanta da suka haɗu suka daskare, kamar daɓen tarazo amma na halitta. Mafi shahara a kabad ɗin zamanin Louis na 15 shi ne Brèche d'Alep, mai gindi ruwan ɗorawa da tsakuwoyi ja, toka, baƙi da ruwan ƙasa. Sunan yana sa a zaci daga Halab ta Siriya yake, amma a Le Tholonet ake haƙo shi, kusa da Aix-en-Provence. Ruwan ɗorawa mai gauraye da shunayya, mai ƙananan zane cunkus, shi ne Brocatelle na Tortosa a Sifen. Kore mai haske da ruwan hoda, da jikinsa ya kasu ƙulli-ƙulli masu tsawo da jijiya kore ta kewaye, na kwarin Campan ne a tsaunukan Pyrénées. Daga waɗannan tsaunuka kuma ake samun Sarrancolin, mai harsunan toka, ja da ruwan ɗorawa. Irin waɗannan duwatsu suna da ramuka tun daga asali, kuma tun ranar farko aka cike su da ƙaro mai launi, saboda haka cikon da ke jikinsu ba lallai ne gyara ba.

Baƙaƙe, koraye da masu wuce haske

Baƙi mai jijiya ruwan zinariya shi ne Portoro, daga Portovenere kusa da La Spezia a Italiya. Masu kayan ɗaki na Amurka a farkon ƙarni na 19 suna kiransa mabul ɗin Masar, kuma sunan ya bi tsofaffin takardu har yau. Shi ne aka fi kwaikwayo a kan sileti, don haka duk Portoro sai an juya shi. Baƙi wuluk marar jijiya yana iya zama na Beljiyam, ko na Ashford a Derbyshire ta Ingila, ko sileti kawai. Biyun farko suna kumfa, kuma na Ashford idan aka kankare shi yana ɗan warin kwalta. Baƙin tebur mai furanni na duwatsu masu launi da aka dasa a ciki, idan aikin Ingila ne na ƙarni na 19, akasari Ashford ne.

Kore yana da wahala, domin yawancinsa dutsen safantin ne, wanda taurinsa ke tsakanin 3 da 5, jikinsa ba ya kumfa amma farar jijiyarsa tana yi. Verde antico na Girka, daga kusa da Larissa, yana da gutsattsari kore mai duhu, baƙi da fari a cikin kore mai haske. Na Connemara a Ayalan yana da ratsi-ratsi masu murɗewa, kore mai ruwan ganye da fari. Kore mai duhu iri ɗaya da sirarar farar jijiya, wanda ake sayarwa yau da sunan Verde Guatemala, daga Rajasthan ta Indiya yake, kuma ganinsa a kan tsohon kabad na Turai alama ce ta canji.

Kore shar mai zobba da ratsi kamar idanu malakait ne. Ba a samunsa babban fale, sai liƙi na yankakkun milimita 2 zuwa 4 da aka jera don zanen ya haɗu, aikin da Rashawa suka ƙware a kai da dutsen tsaunukan Ural a ƙarni na 19. Na jabu roba ne, ba shi da sanyi, kuma ratsinsa baƙi ne ƙirin, alhali na gaske kore ne mai duhu. Shuɗi mai ɗigon zinariya lazurd ne na Badakhshan a Afganistan, shi ma liƙi. Ratsin shunayya, shuɗi da ruwan ɗorawa mai ɗan wuce haske Blue John ne na Castleton a Derbyshire, taurinsa 4, kuma mai saurin fashewa.

Ja mai duhu da ya karkata zuwa shunayya, mai ƙananan ɗigo fari ko ruwan hoda, wanda wuƙa ba ta kamawa, fofiri ne. Na Masar daga Jabal Dukhan yake a hamadar gabas. Rumawa sun daina haƙarsa tun wajen ƙarni na 5, kuma ba a sake gano ramin ba sai 1823, don haka duk wanda ke kan teburin ƙarni na 17 ko 18 daga tsohon ginshiƙin Rumawa aka yanko shi. Suwidin ma tana da nata daga Älvdalen, inda aka kafa masana'anta a 1788, amma ya fi karkata zuwa ruwan ƙasa ko baƙi.

Sa tocila a ƙasan falen a ɗaki mai duhu. Idan haske ya fito ta sama da ratsin zuma, fari ko kore mai haske, kuma wuƙa tana kama shi yana kumfa, shi ne abin da 'yan kasuwa ke kira onis. Na Aljeriya ya shigo kasuwar Faransa a tsakiyar ƙarni na 19, na Meziko daga Tecali ya cika Amurka bayan haka, galibi a kan ƙananan tebura masu ƙafar tagulla. Idan haske ya wuce amma farce ya yi zane, alabasta ce ta jifsam.

Akwai biyu da ake zaton zanen hannu ne. Farin dutsen Dali daga tsaunin Cangshan a lardin Yunnan yana da gizagizai toka da baƙi masu kama da duwatsu cikin hazo, kuma masu kayan ɗaki na Sin tun zamanin daular Ming suke dasa shi a tebura da bayan kujeru. Pietra paesina na yankin Florence kuma ruwan ƙasa ne mai kama da rusasshen gari. A dukansu zanen yana ratsawa zuwa baya, ko da siffar ta ɗan sauya. Idan bayan fari ne fat, an taimaka wa fuskar da tawada.

Shin dutsen na kayan ne?

Wannan tambaya ta fi sunan dutsen tasiri a kan daraja, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci. Dutse yana karyewa, ana canza shi, kuma dillali yana iya ɗauko tsohon fale daga wani kabad ya rage shi ya ɗora a kan wani.

Haska ƙasan da tocila daga gefe, hasken na kwance. Kafin injin zamani, da zarto marar haƙori da yashi da ruwa ake yanka dutse, sai ƙasan ya fito da tudu da kwari, wani wuri da sawun kurfi. Auna kauri a wuri shida: tsohon fale yana bambanta da milimita 2 ko 3 ko fiye daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma na Faransa na ƙarni na 18 yakan kai santimita 2.5 zuwa 3 ko ya wuce. Na zamani yana da kauri ɗaya cif, santimita 2 ko 3, ƙasansa sumul, wani lokaci da sawun zarto mai zagaye ko raga da aka manna da gam. Raga kaɗai ba ta yanke hukunci, domin ana manna ta a tsohon da ya karye, amma sai ka ga karayar.

Gefen baya na tsohon fale ba a goge shi, yana da kaushi da datti na shekaru. Idan ya yi fari tas alhali sauran ƙasan ya yi duhu, an rage shi. Tocilar duba kuɗi tana taimakawa a nan: tsohuwar fuska tana ba da haske mai dabbare-dabbare, sabon yanka yana fitowa dabam, kuma cikon ƙaro yana haske ruwan lemo, gam na zamani kuma fari mai shuɗi.

Sai siffa. A kabad mai gaba mai lanƙwasa, bakin dutsen yana bin kowace lanƙwasa da kowace kusurwa, yana fifita da faɗi ɗaya a gaba da gefe biyu, kamar santimita 1 zuwa 2. Idan ya fifita da yawa a gefe ɗaya, ko kusurwar dutse a zagaye take ta katako kuma a yanke, ba tare aka yi su ba. Shafa sassaƙar bakin da yatsa: ta hannu tana da ɗan hawa da sauka, ta inji ba ta da shi. Duba saman katakon ma. Kabad ɗin da aka yi don dutse samansa katako ne mai kaushi ko firam kawai, ba a goge ba. Idan ka tarar da saman da aka yi wa ado da sheƙi, ko ramukan kusa da suka riƙe wani saman katako a da, dutsen daga baya ya zo. Sawun ƙura da duhun da iska ta bari a kan katako ya kamata su dace da inuwar falen, kuma wuraren da katako ya goge ƙasan dutsen su faɗa daidai kan ƙafafun.

Tunda an sauke dutsen, a duba kan ginshiƙan kusurwa. A nan kafintocin Faris suke buga hatimin sunansu, bisa dokar ƙungiyarsu ta 1743 da aka tabbatar a 1751, sau da yawa tare da haruffan JME, alamar masu binciken ƙungiyar, har zuwa 1791 da aka rushe ƙungiyoyin sana'a. Ana yin jabun hatimi, saboda haka shi kaɗai ba hujja ba ne, amma yana ba ka zamanin da za ka auna dutsen da shi. Onis na Aljeriya a kan kabad mai hatimin 1760 ba zai yiwu ya zama na asali ba. Haka ruwan ƙasa na Emperador ko ruwan madara na Crema Marfil, waɗanda suka cika shagunan tayil na yau.

Tsohon gyara ba abin ƙi ba ne. Fale na asali da ya karye aka ɗinke shi da ƙarfe ta ƙasa ya fi sabo marar aibi daraja a wurin masu sani. Abin lura shi ne ƙarfen: idan ya yi tsatsa yana kumbura, ya sake fasa dutsen, ya kuma turo jan tabo zuwa fuska. Wannan aikin mai gyaran kayan tarihi ne, ya cire ya sa ƙarfe marar tsatsa.

Bayan an gane shi

Duk dangin kalsait, har da onis, da kuma malakait, ba sa shiri da lemon tsami, ruwan khal, bilic ko garin wanke tukunya. Auduga mai ɗan danshi da tataccen ruwa da ɗigon sabulu marar ƙarfi ta isa, a yi wuri kaɗan-kaɗan a tsane nan take, sannan a shafa kaki siriri marar launi. Alabasta da scagliola ba a sa musu ruwa ko kaɗan, sai burushi mai laushi. Sileti mai fenti kuma ba a kusantarsa da sinadarin narkar da fenti ko samfefa. Kada a kai tsohon fale wurin masu goge tayil da inji: za su cinye fuskar, su mayar da ita kamar gilashi, su kuma share rabin shaidar shekarunta. Wanda ya kawo irin wannan kaya ƙasa mai hunturu ya riƙa duba zaman falen, domin bushewar iska tana sa katako ya motsa, dutsen ya koma yana zaune a kan kusurwa biyu, kuma daga nan karaya take farawa. Ɗan ƙyalle mai kauri a wurin da ya yi rata yana maganin wannan.

Idan sunan ya ƙi fitowa, a ɗauki hoto a hasken rana ba tare da filashi ba: fuska gaba ɗaya, wuri ɗaya kusa-kusa da tef ɗin awo a gefe, baki, da ƙasa. A haɗa da sakamakon wuƙa da na asid da kauri da nauyi. Wurin da ya fi dacewa a gwada shi ne tarin Faustino Corsi, lauyan birnin Rum da ya tara samfurin duwatsun ado 1,000 a farkon ƙarni na 19, wanda ke gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford kuma hotunansa suna intanet. Sashen ilimin ƙasa na kowace jami'a ma zai iya tabbatar da dangin dutsen daga ɗan garin da aka kankaro a ƙasa. A takardar kaya a rubuta abin da gwaji ya nuna dabam, sunan da ake zato dabam, misali "dutsen farar ƙasa ja mai burbushin murjani, yankan hannu, kauri santimita 2.6 zuwa 2.9, mai yiwuwa na Beljiyam".